Sauke Giyabos Mai Taurin Kai a Zangon Kwatano

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda bayani ce a kan aiki guda daga cikin ayyukan masu yanka tsofaffin motoci, wato sauke giyabos daga ƙarƙashin motar da aka tabbatar ba za ta sake hawa titi ba. A bakin 'yan kasuwar kayan gyara, "yanka mota" yana nufin a wargaza ta gaɓa-gaɓa a sayar da kowane sashe dabam, kamar yadda mahauci yake yi da sa. An zaɓi wannan aiki ne domin a cikinsa ɗalibi zai gamu da Hausar gareji, wadda ba kasafai ake samun ta a littattafan karatu ba, kuma zai ga yadda kalmomin aro daga Ingilishi da Faransanci suke zama tare da aikatau na asalin Hausa. An ɗauki misali da motar gudu mai ƙofa biyu ƙirar Porsche 944, saboda tsarin giyarta ya saɓa wa na motocin da bakanike ya saba da su.

2.0 Kwatano da Zangonta

Duk wanda ya taɓa cinikin mota a Kano ko Katsina ko Maraɗi ya san abin da ake nufi da "'yar Kwatano". Mota ce da aka yi amfani da ita a Turai, aka sauke ta a tashar jiragen ruwan Kwatano, babban birnin kasuwancin Jamhuriyar Benin. Wasu kan ce mata "Beljiyam", saboda da yawa daga cikin motocin daga tashar Antwerp ake loda su, bayan an tara su a unguwar Heyvaert da ke birnin Brussels. Yarbawa suna cewa "tokunbo". A Kwatano kuwa lafazin Faransanci ne ya bi bakin mutane, "venue de France", ko da motar ba ta taɓa taka ƙasar Faransa ba.

An buɗe tashar Kwatano ta zamani a 1965, kuma daga shekarun 1990 ta zama babbar ƙofar shigowar tsofaffin motoci zuwa Nijeriya da Nijar. A shekarun da kasuwar take ganiyarta, motoci dubu ɗaruruwa ne suke sauka a shekara. Manyan filayen da ake baje su suna bayan gari, wajen Sekandji da Ekpe, a kan hanyar Porto-Novo da iyakar Seme. Kasuwar ta sha bugu sau da dama: Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, ta rufe iyakokin baki ɗaya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya. Duk lokacin da hanya ta toshe, motoci kan daɗe a fili suna shan iskar teku, kuma waɗanda dama da sauran numfashi kaɗan suka iso, a nan suke ƙarasawa. Irin waɗannan su ne abincin masu yanka.

Zango kuwa tsohuwar kalmar fatake ce, wurin da ayari yake yada kaya ya kwana. Daga fataucin goro tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa sunan ya bazu, har ya zama sunan unguwar baƙi Musulmi a garuruwan Ghana da Togo da Benin, inda ake rubuta shi "Zongo". Zangon Kwatano yana cikin tsakiyar gari, yana da babban masallacinsa, kuma Hausa tana daga cikin harsunan da ake ciniki da su a can, tare da Dandanci da Yarbanci da Fon da Faransanci. Baƙon da ya zo daga arewa neman mota ko kayanta, a irin wannan unguwa yake samun masauki da dillali da wanda zai yi masa tafinta.

3.0 Abin da ake nufi da giyabos mai haɗe da aksil

A tsohon tsarin mota, kamar na Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, injin yana gaba, giyabos yana manne da bayansa, sai doguwar farfela ta kai ƙarfi zuwa aksil na baya, inda wasu haƙora suke raba juyi tsakanin tayoyi biyu. Giyabos dabam, marabar juyi dabam. Amma akwai tsarin da ake zuba su biyun a cikin kwanso ɗaya, suna shan mai ɗaya. Wannan shi injiniyoyi suke kira "taransaksil". Kusan duk motar da take ja da tayoyin gaba, irin su Corolla da Golf, haka giyarta take, sai dai bakanike bai damu da dogon suna ba, giyabos kawai yake cewa.

Abin da ya bambanta Porsche 944, wadda aka ƙera daga 1982 zuwa 1991, da yayarta 924 ta 1976, shi ne injin yana gaba, kuloci yana manne da shi, amma giyabos ɗin can baya yake, tsakanin tayoyi. An yi haka ne domin nauyi ya rabu kusan daidai tsakanin gaba da baya, motar ta zauna sosai a kwana. Tsakanin injin da giyabos akwai wani ƙaƙƙarfan bututun ƙarfe da ya haɗa su kamar ƙashin baya, kuma a cikinsa siririn shafti yake juyawa a kan boris. Tsohon bakaniken da ya yi zamani da 504 ba zai yi mamakin bututun ba, domin ita ma farfelarta a cikin bututu take. Inda zai ruɗe shi ne wajen mahaɗin shaftin da giyabos, domin a ɓoye yake, kuma a nan ne galibi ake ɓata aikin.

Irin wannan mota ba ta da yawa a Afirka ta Yamma. Ke nan mai sayen giyarta ba kullum yake zuwa ba, amma in ya zo, ba shi da wani wurin zuwa. Giyabos ɗin da ya sauka lafiya kaya ne mai daraja da za a iya ajiyewa shekaru. Wanda kwansonsa ya tsage kuwa sai dai a ɗora shi a sikeli a sayar wa masu narka alminiyon su zuba tukwane, kamar yadda ake yi a Katako ta Yamai ko Panteka ta Kaduna. Tazarar da ke tsakanin farashin biyu ita ce ladan haƙurin bakanike, ko asarar gaggawarsa.

4.0 Kafin a taɓa noti

A ɗauka cewa motar tana wani gareji a gefen Zango. Matsala ta farko ƙasa ce. Kwatano a kan rairayi take, tsakanin teku da tafkin Nokoue, kuma jak yana nutsewa a rairayi sannu a hankali ba tare da an lura ba. Saboda haka sai an shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashinsa, kuma da zarar mota ta tashi a tokare ta da guma-guman itace ko ƙafafun ƙarfe. Bulon siminti ba abin dogaro ba ne, yana farfashewa farat ɗaya. Ana cire batir. Ana zuƙe man da ya rage a tanki, domin a wannan mota tankin fetur yana daf da giyabos, tare da famfon mai da matacinsa. Abin lura a nan shi ne tankin da aka zuƙe bai zama lafiyayye ba, tururin fetur da ya cika shi ya fi man kansa saurin fashewa.

Sai a tsiyaye man giya a cikin kwano. Ƙwararre ba ya zubar da shi sai ya duba. In an ga ɗan ƙurar ƙarfe mai laushi, wannan tsufa ne kawai. In kuwa an ga ɓarɓashi mai girman ƙwayar shinkafa, to wani haƙori ya karye a ciki, kuma a giyar 944 haƙoran marabar juyi su ne aka fi sani da wannan rauni. Gara maigida ya san haka tun kafin ya sa yaransa su kwana biyu a ƙarƙashin mota.

5.0 Mahaɗin da ke ɓoye

Bayan an sauke salansa, wanda bai san motar ba zai tafi kai tsaye ga manyan notuna huɗu da suka ɗaure giyabos da bututu. Ya kwance su, ya ja, giyabos ya ƙi motsi. Ya ƙara ja, ya kawo ƙarfen banƙara, ya kira yara biyu. Duk a banza, domin ba tsatsa ce ta riƙe ba. A cikin kwanson akwai wani hannun riga na ƙarfe da ya rungumi bakin shafti ta gefe ɗaya, da bakin shaftin giyabos ta ɗaya gefen, kuma notuna biyu masu ramin kusurwa shida ne suka matse shi. Ba a ganin su sai an ɓalle murafan roba da suke jikin kwanson, an haska tocila.

A nan akwai abubuwa biyu da suke kayar da mutane. Na farko, sassauta notunan bai isa ba, sai an zare su gaba ɗaya, domin jikin kowane noti yana kwance ne a cikin wani gurbi da aka fafe a jikin shafti. Muddin yana ciki, hannun rigar ba zai zame ba ko da an doke shi da guduma. Na biyu, kan notin ba ya fuskantar ramin sai an juya shafti har ya zo daidai. A mota mai rai wannan ba wahala: a bar giya a sake, a juya injin da hannu, ko kuma a sa giya, wani ya taka kuloci, a juya tayar baya. Ko a nan ma sai an riƙe ɗaya tayar, in ba haka ba marabar juyi za ta mayar da ƙarfin gare ta, ta riƙa juyawa baya-baya, shafti yana tsaye.

Motar da za a yanka kuwa ba kasafai take da rai ba. Injin ya daɗe da kafewa, kuma kulocin wannan mota da mai yake aiki, man ya tsiyaye, feda ta faɗi ƙasa. Shafti yana manne da injin da ba ya juyawa. Mafita ita ce a koma gaba, a tura cokalin kuloci da ƙarfe domin ya saki, ko a cire fulogogi a zuba mai a ramukansu a bar shi ya jiƙa ko injin zai yarda ya motsa, ko kuma a raba injin da bututun tukuna. Darasin tsari a nan shi ne a fara da mahaɗin tun tayoyi da aksiloli da sandar giya suna nan, domin su ne hannun da ake juya shafti da shi. Wanda ya riga ya cire su ya yanke wa kansa igiyar guga.

In notunan sun fita, sai a zame hannun rigar ya koma wajen giyabos. Shekara talatin ko arba'in ba tare da ya motsa ba takan sa ya cije. Ana fesa masa mai mai ratsa tsatsa, ko kalanzir in shi ake da shi, a bar shi ya kwana. Ana sa bakin sukudireba a tsagar jikinsa a buɗa shi kaɗan, sannan a riƙa ƙwanƙwasa shi da sandar tagulla, wadda ta fi shi laushi, ba za ta lotsa shi ba.

6.0 Notuna masu kusurwa goma sha biyu

Daga kowane gefe na giyabos akwai aksil da ke zuwa taya, kowanne an ɗaure shi da notuna shida. Ramin kan notin yana da kusurwa goma sha biyu, salon da kamfanonin Jamus suke so. A ido yana kama da mai kusurwa shida, ko mai siffar tauraro, kuma makullin waɗannan yakan shiga ramin har ya yi kamar ya zauna. Da an danna ƙarfi sai ya side kusurwoyin, ramin ya zama da'ira. Sau da yawa ma makullin daidai ne, amma laka da tsohon giris sun cika ramin, bai shiga ya kai ƙasa ba. Don haka aikin farko na yaron gareji shi ne ya sa tsinken ƙarfe ya sakace ramukan nan goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, sannan a buga makullin da guduma ya zauna daram. Aiki ne mai gundura, kuma shi ne aka fi tsallakewa.

In kan noti ya riga ya side, ba a rasa dabara ba. Mai walda yakan ɗora wani noti a kansa ya like, zafin waldar ya taimaka wajen karya tsatsa, a samu wurin kama sifana. Ko kuma a yanke kan da injin gurza. Abin mamaki ga mai koyo shi ne da zarar kan ya fita, ragowar jikin yakan kwance da yatsu, domin matsin da ke tsakanin kan da abin da ya danne shi ne yake riƙe da zaren. Sai dai duka hanyoyin biyu suna fid da tartsatsi a kusa da tanki, shi ya sa mai hankali yake toshe bakin tankin da bututunsa, ya kare wurin da faranti da jiƙaƙƙen buhu, ya ajiye bokitin yashi a kusa.

Saura sandar canja giya, wadda ta taso daga cikin mota ta bi saman bututu ta ratsa kwanson giyabos. Ana kwance ta daga baya, a cire kan giyar daga ciki, a tura sandar gaba har ta fita daga hanya. In an manta da ita, giyabos zai sauko ya rataya a jikinta ya lanƙwasa ta. Haka kuma a cire wayoyin fitilar ribas.

7.0 Inda alminiyon ya haɗu da ƙarfe

Yanzu an zo kan taurin kai na gaskiya. An tallafe giyabos da jak, an kwance notuna huɗun nan da maratayinsa na sama, amma fuskokin biyu sun ƙi rabuwa. Dalili shi ne in ƙarfe biyu mabambanta suka daɗe a manne, ga danshi ga gishiri, sai wani ɗan lantarki ya riƙa gudana tsakaninsu, alminiyon ya riƙa cinyewa yana zama farin gari. Garin nan ya fi ƙarfen da ya fito daga gare shi cika wuri, saboda haka sai ya toshe duk wata 'yar kafa ya matse. Motar ta sha gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara, ta zo ta ƙara da iskar tekun Kwatano. Ba abin mamaki ba ne ta like.

Babban kuskure shi ne a kafa kurfi tsakanin fuskokin a yi ta duka. Alminiyon ɗin da aka zuba ba ya lanƙwasa ya ba da gargaɗi, karyewa yake yi, kuma kunnen noti ɗaya da ya ɓalle ya isa ya mayar da kayan na 'yan tukwane. Hanyar da ta fi ita ce a mayar da notuna biyu a ɗaura su sako-sako domin kada kayan ya faɗo ba shiri, a jiƙa mahaɗin da mai, a riƙa girgiza giyabos hagu da dama, ana buga wurare masu kauri da gudumar roba ko ta bayan katako. Ana kuma wasa da tsawon jak, domin sau da yawa nauyin ne ya karkata ya sa mahaɗin ya ɗaure. A ɗaga kaɗan ko a sauke kaɗan sai a ji ya saki. In siririyar tsaga ta bayyana, sai a sa 'yan turakun katako ta ɓangarori biyu a riƙa shigar da su daidai wa daida.

Wuta tana taimakawa, saboda alminiyon yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. Amma tana da haɗari biyu. Ga tanki a kusa, ga kuma halin alminiyon, wanda yake narkewa a wajen digiri 660 ba tare da ya yi ja ba. Maƙerin da ya saba karanta zafin ƙarfe da launinsa ba zai ga alama ba sai wurin ya zube. Ruwan zafi da aka tafasa a kwarara a kan mahaɗin ya fi aminci, kuma sau da yawa ya wadatar.

Da ya rabu, ana jan sa baya tukuna kafin a sauke, domin bakin shafti ya fita sarai. Nauyinsa ya kai na buhun siminti ko ya ɗara, kuma gindinsa ba shimfiɗaɗɗe ba ne, yana son mirginawa daga kan jak. Mutum biyu suke riƙe shi ta gefe, ba wanda yake kwanciya a ƙarƙashi.

8.0 Hausar da ke cikin aikin

Ɗalibi zai lura cewa sunayen kaya kusan duk aro ne: giya, kuloci, salansa, boris, sifana, jak, noti, batir, fulogi. Waɗannan daga Ingilishi suka shigo ta Nijeriya. Bakaniken Kwatano ko na Yamai kuwa da Faransanci ya koyi sana'a, saboda haka a tsakiyar jimlar Hausa za a ji ya ce "boîte" a maimakon giyabos, "embrayage" a maimakon kuloci, "cardan" a maimakon aksil, yaransa kuma suna ce masa "patron" a inda na Kano zai ce maigida ko oga. Ɗan kasuwar da ya zo daga Ƙofar Ruwa ta Kano dole ya riƙe jerin biyu a kansa, ko ya nuna da yatsa.

Aikatau kuwa na gida ne, kuma a nan giredojin aikatau, waɗanda F. W. Parsons ya tsara a 1960, suke nuna amfaninsu. "Cire" da "zare" da "sauke" suna giredi na huɗu, suna nuna an raba abu da wurinsa. "Ciro" da "zaro" suna na shida, aikin ya nufo wajen mai magana, shi ya sa wanda yake tsaye a waje yake cewa a zaro, na ƙarƙashin mota ya ce ya zare. "Ciru" da "zaru" suna na bakwai: noti ya ciru, ko ba ya ciruwa. Ana kuma ba ƙarfe halin mai rai, a ce noti ya cije, injin ya kafe, giyabos ya ƙi, daga baya a ce ya yarda.

Bayan an sauke, ana juya bakin shafti da hannu, a shiga kowace giya a ga ko gefunan biyu suna amsawa. Ana goge wurin da aka buga haruffa da lambobi a jikin kwanso a ɗauki hotonsa, domin da su mai saye zai gane irin giyar, ko ta mota mai turbo ce ko ta mai injin zalla, tunda haƙoransu ba ɗaya ba ne. Ana toshe ramuka da tsumma mai mai saboda rairayi. Hannun rigar nan da notunansa biyu, da notunan aksil da suka tsira, ana zuba su a leda a ɗaure da waya a jikin giyabos, domin mai sayen da ke Kano ko Zinder ba zai same su a shagon kusa da shi ba.